Karin Kumallo A Bakin Gona: Yadda Ake Girki Da Gashi A Kan Garwashi

Idan damina ta ɗauke, kaka ta shigo, mutane da yawa ba sa kwana a gida. Manomi yakan tare a gona don gadin dammunan gero da dawa. Mai noman rani yakan kafa bukka a bakin fadama saboda ban ruwa. Masunta sukan bi kogi su yi tunga. Makiyayi kuwa dama daji ne gidansa. Duk waɗannan mutane abu ɗaya ya haɗa su. Gari na wayewa suna bukatar abin da za su sa a ciki, kuma ba su da madafi sai wutar da suka hura da hannunsu.

Da yawa daga cikinsu sukan kama aiki da yunwa, su jira har rana ta take kafin yaro ya kawo abinci daga gida. Wannan yana rage ƙarfin ma'aikaci. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗansu kuma sukan gwada girkin, amma sai abincin ya ƙone ta waje, cikinsa ɗanye. Daga nan sai su ce ai girki a daji ba ya yiwuwa.

Yana yiwuwa. Har burodi da kek ana gasawa a daji, su yi kyau. Abin da ake bukata shi ne sanin wuta. Harshen wuta na tafasa ruwa ne. Garwashi shi ne mai gashi. Wanda ya gane bambancin nan zai ci mai daɗi, kuma itacen da zai ƙona kaɗan ne.

Wurin da za a hura wuta

Kafin a ƙyasta ashana sai a dubi wuri. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ciyawa ta bushe, iskar hunturu kuma tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekara guda. Saboda haka a yi nesa da dammunan hatsi, da tarin kara, da harawa, da bukkar kwana. Kada a hura wuta a gindin bishiya mai rassa ƙasa-ƙasa.

A sa fartanya a share ciyawa da ganye, kamar taku huɗu ta kowane gefe, har ƙasa ta fito fili. A tsakiya a haƙa ɗan rami mai zurfin tafin hannu. Ramin yana tsare garwashi wuri ɗaya, yana kuma kare shi daga iska. A kafa duwatsun murhu uku. Amma a kula, kada a ɗauko dutse daga cikin ruwa ko bakin rafi. Irin wannan dutse ya sha ruwa. Idan ya ji wuta, ruwan cikinsa yakan zama tururi, dutsen ya fashe, ɓarɓashinsa ya ji wa mutum ciwo a ido. Inda babu busasshen dutse, tubalin ƙasa ko ɓallin tsohon suri yana yin aikin.

A ajiye bokitin ruwa kusa tun kafin wuta ta kama, ba sai ta ɓaci ba.

Ba kowane itace ne ke ba da garwashi ba

Kara da ƙirare suna kamawa da sauri, su mutu da sauri. Suna da kyau wajen tada wuta da tafasa shayi, amma toka kawai suke bari. Mai son gashi sai ya nemi itace mai nauyi. Marke da bagaruwa da aduwa suna ba da garwashi mai daɗewa. Ƙirya ta fi su duka, shi ya sa maƙera suke neman gawayinta. Itacen kuka da na rimi ba su da ƙwari, ba a samun garwashin kirki a jikinsu. Busasshen kashin shanu yana ci a hankali, kuma makiyaya sun daɗe suna dafa abinci da shi inda itace ya yi wuya.

Busassun rassa da suka faɗi ake tsinta. Ɗanyen itace hayaƙi ne kawai, ga kuma asarar bishiya. Manomin da ya sare gawon gonarsa don ya dafa kunu ya yi ciniki marar riba, domin ganyen gawo taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Akwai abin da ba a sa wa wutar girki ko kaɗan: leda, roba, tsohuwar taya, katako mai fenti, da tsohon batir. Hayaƙinsu guba ne, yana kuma kama abinci. Haka nan itace mai farin ruwa a jiki, irin tumfafiya da tinya da aguwa, ba a yin tsinken tsire ko abin juya abinci da shi. Fetur kuwa ba abin tada wuta ba ne. Tururinsa ke kamawa tun mutum bai janye hannu ba.

Wuta ɗaya, gefe biyu

Dabarar da ta fi amfani ita ce a raba wuta biyu. A gefe ɗaya itace na ci, buta ko tukunya na kai. A ɗaya gefen kuma a riƙa janyo garwashin da ya nuna da sanda. Nan ne wurin gashi. Idan garwashin ya fara sanyi, sai a ƙaro wani daga gefen da ke ci.

Garwashi ya nuna idan hayaƙi ya ɗauke, harshen wuta ya kwanta, farar toka ta fara rufe jan. Itace mai nauyi yakan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya kai haka. Wannan jiran shi ne abin da yawancin mutane ba sa yi, shi ya sa abincinsu ke ƙonewa.

Ana auna zafi da hannu. Mutum ya shimfiɗa tafin hannunsa sama da garwashin, nisan kamar taƙi ɗaya, ya fara ƙirga. Idan bai wuce uku ba ya janye, wutar ta yi zafi da yawa, ta suya ce. Idan ya kai biyar ko shida, ta yi daidai da gashi. Idan ya kai goma bai ji komai ba, sai a ƙaro garwashi.

Itace biyu ko uku sun isa a lokaci guda. A tura bakinsu kawai ƙarƙashin tukunya, a riƙa matsarwa suna ci. A kuma rufe tukunya da murfi. Buɗaɗɗiyar tukunya a fili cikin iska tana cin itace ba gaira ba dalili.

Abin karyawa mai sauri

Kunu shi ne ya fi sauƙi. Tun daga gida a tanadi garin gero da aka niƙa da citta da kanumfari da masoro, a ɗaure shi cikin abin da ruwa ba ya shiga. Da dare a jiƙa tsamiya. Da asuba a dama garin da ruwan tsamiyar mai sanyi, a sheƙa masa tafasasshen ruwa ana juyawa. Idan bai yi kauri ba a mayar da shi wuta kaɗan. Wanda ya zuba ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a kai zai daɗe bai ji yunwa ba.

Ruwan da aka ɗebo daga kogi ko kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya, a tace shi da tsumma mai tsabta, a bar shi ya tafasa sosai har cikakken minti ɗaya yana ɓulɓula. Ruwa mai ɗumi kawai ba ya kashe ƙwayoyin amai da gudawa. Ciwon ciki a daji, nesa da asibiti, ba ƙaramin abu ba ne.

Dankali da makani da doya ba sa bukatar tukunya. A binne su cikin toka mai zafi, a ɗora garwashi kaɗan a sama, ba a cikin harshen wuta ba. Matsakaicin dankali yakan nuna cikin minti 30 zuwa 40. A soka masa tsinke, idan ya shige ba gardama ya yi. Rogo kuwa sai wanda aka tabbata mai zaƙi ne. Rogo mai ɗaci yana da guba, gashi kaɗai ba ya fitar da ita. Ƙwai kuma gara a dafa shi cikin ruwa, domin idan aka tura shi cikin rushi yakan fashe.

Sauran tuwon dare shi ne ɗumame, kuma babu laifi a cikinsa idan an ɗumama shi da kyau. Miya ta tafasa, tuwon ya yi zafi har cikinsa, tururi na tashi. Abin da ya canza wari ko ya fara yauƙi a zubar. Shinkafar da ta kwana a buɗe cikin zafi ta fi saurin ɓata ciki, gara a dafa daidai wadda za a cinye.

Burodin Buzaye

A arewacin Jamhuriyar Nijar, wajen Agadas da duwatsun Azbin, Buzaye suna da wani burodi da suke kira tagella. Shi ne abincin matafiyi a cikin Sahara, inda babu tanderu, babu kasko, itace ma sai an yi tattali. Ba ya bukatar yis, ba ya bukatar tukunya. Gari ne da ruwa da gishiri, sai yashi da garwashi. Larabawan hamada ma suna da irinsa. Har a ƙasar Ostireliya masu kiwon shanu a daji sun saba gasa irin wannan burodi a cikin toka. Mutane masu nisa da juna, amma dabara ɗaya.

Ga yadda ake yi. A auna garin alkama ko fulawa cikin gwangwanin madara shida. A sa gishiri rabin ƙaramin cokali. A zuba ruwa kamar gwangwani biyu, kaɗan-kaɗan, ana cuɗawa. Kwaɓin ya yi tauri, kada ya yi ruwa. A murza shi da ƙarfi na minti 10 ko fiye, har ya yi santsi, ya daina kama hannu. A nan aikin yake. Kwaɓin da bai murzu ba, ko mai danshi a baya, shi ke kwasar yashi. Wanda ya murzu yakan fito tsaf.

A faɗaɗa shi ya yi kamar ƙaramin faifai, kaurinsa yatsa biyu. A barbaɗa masa busasshen gari sama da ƙasa.

Wutar dole a hura ta a kan yashi mai tsabta, wanda dabbobi ba su ɓata ba. Idan ta ci ta zama garwashi, a ture garwashin gefe da sanda. A buɗe ɗan gurbi cikin yashin da ya yi zafi, a kwantar da kwaɓin. Waɗansu sukan wuce da bakin wuta a kansa don bayansa ya bushe tukuna. Sai a rufe shi da yashi mai zafi da toka, a mayar da garwashin sama. Bayan kamar minti 20 a tone, a juya shi, a sake rufewa na wani minti 15 zuwa 20.

Ana gane ya nuna da sauti. A ƙwanƙwasa shi da sanda. Idan ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya yi. Idan sautin ya yi nauyi, cikinsa da saura. Idan an fitar, a karkaɗe shi, a kankare da wuƙa, a ɗauraye bayansa da ruwa kaɗan tun yana da zafi. Ruwan ba ya shiga ciki, nan take yake bushewa.

Buzaye sukan gutsuttsura shi cikin akushi, su zuba man shanu ko miyar tumatir da albasa ko romon nama. Da shayi ma yana tafiya. Burodi ne mai nauyi, ba irin na kanti ba, kuma yana riƙe ciki har azahar. Wanda gonarsa ke kan jigawa ko bakin kogi mai yashi ya samu tanderu kyauta. A ƙasar laka mai danshi kuwa ba ya yin kyau, sai a koma ga tukunya.

Yadda tukunya ke zama tanderu

Masu gurasa a Kano, musamman na unguwar Jakara, suna manna kwaɓi a jikin tanderu mai zafi. Abin da ke gasa gurasar shi ne zafin da ya kewaye ta ta kowane gefe. Wannan shi ne bambancin gashi da suya. Tukunyar da aka ɗora a murhu daga ƙasa kaɗai take samun zafi, shi ya sa gindin burodi ke ƙonewa samansa fari. Maganin abin shi ne a kai wuta saman murfi.

A nemi tukunya mai kauri, mai murfin ƙarfe da ke rufewa sosai. Murfi mai hannun roba ba zai yi ba. A zuba busasshen yashi mai tsabta a gindinta, kaurin yatsa biyu. Yashin yana raba zafi, yana kuma kare gindin tukunyar. A ɗora ƙananan duwatsu uku a kan yashin. A kansu kwanon kwaɓi zai zauna, don iska mai zafi ta riƙa zagaya shi. A rufe tukunyar a bar ta ta yi zafi na minti 10 kafin a sa komai. Don gwaji, a barbaɗa ɗan gari a kan cokali a ajiye ciki. Idan ya yi ja a hankali, zafi ya yi daidai. Idan ya yi baƙi nan da nan, a rage wuta.

Idan an sa kwaɓi an rufe, sai a raba garwashi kashi uku. Kashi ɗaya a ƙasa, kashi biyu a kan murfi. Zafi sama yake tashi, saboda haka na ƙasa kaɗan ya isa, na sama ne ke bukatar yawa. Duk bayan minti 10 a ɗan juya tukunyar, don kada gefen da iska ke bugawa ya fi ci. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Duk buɗewa ɗaya zafi ne ke gudu. Idan za a ɗaga murfi, a yi amfani da awartaki ko sanda mai ƙugiya, a ɗaga shi a miƙe don kada toka ta zuba ciki.

Burodi mai yis: fulawa gwangwani shida, yis ƙaramin cokali biyu, sukari babban cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, man gyaɗa babban cokali biyu, ruwa mai ɗumi gwangwani biyu. A murza sosai, a rufe da tsumma, a ajiye har ya ninka girmansa. A shafa wa kwano mai, a sa kwaɓin, a bari ya sake tashi kaɗan, a gasa minti 30 zuwa 40.

Yis abu ne mai rai, ko da yake ido ba ya ganin haka. Sukari yake ci, ya fitar da iska. Iskar ce ke kumbura kwaɓi ta bar ƙananan ramuka a cikin burodi. Ruwa mai zafi yana kashe shi. Ruwan da ya dace shi ne wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi. Sanyi kuma yana sa shi kasala. Da sanyin hunturu kwaɓi zai iya yin awa biyu bai motsa ba. Sai a ajiye shi kusa da murhu, inda ɗumi ke kaiwa amma wuta ba ta taɓawa. Mai son burodi da asuba sai ya kwaɓa tun dare, ya rage yis zuwa rabi, ya rufe sosai saboda tururuwa.

Kek ba ya jira. Fulawa gwangwani uku, sukari gwangwani ɗaya, ƙwai uku, man gyaɗa rabin gwangwani, nono ko madara gwangwani ɗaya, bekin foda ƙaramin cokali biyu. A fara kaɗa ƙwai da sukari da mai, a zuba nono, sannan gari da bekin foda. A juya kaɗan kawai, har garin ya ɓace. Kek ba a murza shi kamar burodi, idan an matsa masa tauri yake yi. A zuba a ƙananan kwanonin silba da aka shafa wa mai, rabi-rabi, domin zai tashi. A sa a tukunya nan da nan. Minti 20 zuwa 25 ya isa. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya nuna. Dabino da aka yanka, ko gyaɗa, ko riɗi, suna ƙara masa daɗi, su rage bukatar sukari.

Inda babu bekin foda, ruwan kanwa kaɗan tare da nono mai tsami yana tayar da kwaɓi. Masu waina sun san wannan, domin sukan ɗiga ruwan kanwa a ƙulli mai tsami ya taso. Amma kanwa idan ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano, ta sa kek ya yi duhu.

Fulawa tana da tsada, gero da masara kuwa suna rumbu. Ana iya haɗawa, amma da iyaka. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iskar yis. Gero da dawa da masara ba su da shi. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da alkama a shekarar 1987, kafin a janye hanin a 1992, an yi ta gwada haɗa fulawa da garin hatsin gida. Abin da aka gani shi ne, idan garin gida ya yi yawa burodi ba ya tashi. A burodi mai yis, gwangwani ɗaya cikin biyar ya isa. Kek ya fi haƙuri, yana ɗaukar ɗaya cikin uku na garin masara mai laushi. Masu noman alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja kuwa sai su kai tasu inji, garinta ya fi farar fulawa ƙosarwa.

Gwangwanin da ba a girki da shi

A gona akwai wani haɗari da babu shi a madafin gida. Shi ne gwangwani ko jarkar maganin feshi. Waɗansu sukan wanke su, su zuba ruwan sha, ko gishiri, ko man girki. Wanki ba ya fitar da wannan guba. Ko an wanke sau goma, saura yana nan a jikin robar ko ƙarfen. Irin wannan mazubi a huda shi don kada wani ya ɗauka, a kawar da shi nesa da ruwa da yara. Haka cokalin da aka auna magani da shi, ba ya komawa cikin abinci. Irin shuka da aka cuɗa da magani shi ma ba na ci ba ne, ko an wanke shi.

A nan karatu yana da rana. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya duba jikin gwangwani ya ga gargaɗin da aka rubuta, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, wanda ke nufin guba. Zai kuma iya karanta kwanan watan da ke jikin ledar yis ko bekin foda. Wanda kwanansa ya wuce ba ya tayar da kwaɓi, sai a yi asarar gari da ƙwai.

Mai feshi ya wanke hannu da sabulu, ya cire rigar aiki, kafin ya taɓa kwaɓi.

Hayaƙi da ƙuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana jawo mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a duniya duk shekara. Mai girki a fili ya fi samun sauƙi, amma ya zauna ta inda iska ke fitowa, hayaƙi ya wuce gabansa. Uwa mai goyo ta sauke jariri nesa da hayaƙi.

Abin da ya fi kisa da sauri shi ne shigar da garwashi cikin bukka ko ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari, marar launi. Mutum yakan fara jin ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. Wanda aka samu a wannan hali a fitar da shi fili nan take, a nufi asibiti.

Idan wuta ko ruwan zafi ya ƙona mutum, a riƙa zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko tawada, ko man goge baki, ko kashin shanu. Kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta. Idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko tana fuska ko hannu ko gaba, ko kuma yaro ne, sai asibiti. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, gudu fifita wuta ne. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Mai ciwon farfaɗiya kuma kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta.

Kashe wuta

An karya kumallo, za a kama aiki. Da yawa sukan tura ƙasa da ƙafa a kan garwashin su wuce. Wannan ba kashewa ba ne. Yashin da ya gasa burodin Buzaye shi ne shaida: garwashin da aka binne yana riƙe zafinsa awoyi da yawa. Yaro marar takalmi zai taka wurin da rana tsaka ya ƙone, domin ido ba ya ganin komai. Iska kuma za ta iya kwashe ƙasar ta tayar da wutar bayan kowa ya yi nisa. Gobarar daji tana cin amfanin maƙwabci, ta ci ciyawar da dabbobi za su ci har rani ya fita. Rigima da yawa daga nan take farawa, kuma jihohi da dama suna da dokar hana ƙona daji.

A janye itacen da bai gama ci ba, a tsoma bakinsa a ruwa, a ajiye na gobe. A yayyafa ruwa a kan garwashin a hankali, fuska na nesa saboda tururi. A juya da sanda, a ƙara ruwa, a sake juyawa har ƙarar ta daina. Inda ruwa ya yi ƙaranci, a cuɗa garwashin da ƙasa sosai, a baza shi, a tsaya har ya mutu. Daga nan a kai bayan hannu kusa da tokar. Idan da sauran ɗumi, a ƙara ruwa. Gawayin da ya rage a shanya shi, zai tada wutar gobe da sauri. Tokar kuma idan ta huce a watsa ta cikin gona.